Azumin Likita

Nima, Ankara,
Ƙasar Gana.
Watan Sha'aban, 1983.

Zuwa ga Baffana, Malam Kadiri, a Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uba, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Ƙaltume da dukan mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da Alhaji Sulemana mai goro ya ce yana damunka in sanyi ya shigo. Ni ce Rabi'atu, wadda ka bari tana bin mahaifiyarta Mma da tiren ƙosai shekarar da aka kore ku daga ƙasar nan. Na san in ka tuna ni, yarinyar nan mai giɓi kake gani. To giɓin ya cike tuni, har mai giɓin ta zama uwa. Allah ya sauke ni lafiya, namiji ne, kuma Baba bai bari an yi shawara ba, sunanka ya raɗa masa. Muna kiransa Baffa Ƙarami. Mma Adisa ta ce goshinka ya ɗauko, da kuma faɗanka, don in ya buɗe baki har masu wanki a bakin babbar gota, wato kwatar unguwa, sai sun waiwayo.

Yayana Abdulai ma ya dawo daga Legas cikin waɗanda aka koro farkon shekarar nan. Ya zo mana da rediyo mai cin kaset a kafaɗa da tari a ƙirji, sauran kayan kuwa ya ce suna hanya, har yau ba su iso ba. Ka ga an yi canjaras, an koro ku can, an koro namu nan, mu dai talakawa mu ne a tsakiyar hanya. Halin gari kuma ba sai na tsawaita ba, na san labarin yunwar bana ya kai muku. Ruwa ya ƙi sauka a kan lokaci, gobarar daji ta cinye gonaki, gero ya zama abin nema da fitila. Kokon Mma da a da cokali ke tsayawa a cikinsa, yanzu kana hango gindin kwano. Duk da haka muna godiya ga Allah, ba mu kwana da bakin banza ba tukuna.

Baffa, na yi ta kewaye-kewaye ne don hannuna ya ƙi rubuta abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Baba yana kwance a babban asibiti, kuma jikin ba daɗi. Tun bara muka ga yana ramewa, ga ƙishirwa da ba ta yankewa, buta ba ta rabuwa da hannunsa, amma ka san ƙaninka, in ka ce ya je asibiti sai ya ce tsufa ba shi da likita. Har yanzu shi ne ke zaga lungunan Nima da Maamobi da gwangwaninsa yana tada mutane sahur, yara ma ba su san shi da wani suna ba sai Mai Gwangwani. Takalman fata da kake aiko masa kowace Sallah kuwa ba ya taka ƙasa da su sai Juma'a da Idi, sauran kwanaki wani tsohon silifas yake ja. Da silifas ɗin nan ya taka murfin gwangwanin kifi a bakin gota, ya yanke shi a tafin ƙafar dama, bai ko ji ba. Sai da Mma ta ga jini a kan buzun salla ta ɗaga ƙafar. Aka yi ta gashi da ruwan zafi da man kaɗanya, ciwo sai ci yake yi, har ƙafar ta kumbura ta fara wari, sannan ya yarda Abdulai ya kai shi.

Likitan da ke duba shi yaro ne mai kirki, shi kaɗai a kan ɗakuna da yawa, don manyan likitocinmu rabinsu suna wajenku suna cin albashin naira. Ya ce ciwon sukari ne, kuma muddin sukarin bai sauka ya zauna wuri ɗaya ba, ciwon ƙafar ba zai warke ba, in kuwa bai warke ba, ƙafar ce za ta tafi. Aka fara yi masa allura kowace safiya. Suna tafasa fitsarinsa a 'yar kwalba da wani shuɗin ruwa, in ya tsaya shuɗi alhamdulillahi, in ya koma ja kamar jar ƙasa to sukari ya hau. Da sassafe kuma su ɗebi jini. Abinci ma aunawa ake yi, ɗan dunƙulen dokunu, tuwon masarar nan ƙasar, da miyar ganye da gutsuren kifi. Maganin allurar kansa ba kullum asibiti ke da shi ba, Abdulai ya sha taka sayyada har Kokomlemle yana bin kantunan magani ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan ni labari nake ji, don ina cikin jego, kuma Mma ta rantse ba zan leƙa ko ƙofar gida ba sai na yi arba'in. Labarin kuwa ba ya shiga hankali. Da safe in an auna, sukari na can sama. Likita sai ya ƙara yawan allura. Can wajen la'asar kuma sai Baba ya hau gumi da makyarkyata, ya daina gane mutane, har ya sume, a zo a guje a ɗura masa ruwan sukari ta jijiya kafin ya farfaɗo. Mutumin da aka kwantar don sukari ya yi masa yawa, ga shi da sukari ake ceto shi. Washegari da safe ya sake hawa, a sake ƙara allura, da yamma ya sake faɗuwa. Likita ya rasa gane kansa. A unguwa kuwa bakuna suka buɗe, wasu su ce sammu ya taka a bakin gota, wasu su ce mutanen ɓoye ne ya dame su da gwangwani shekara da shekaru. Ina kwance a ɗaki da jariri ina jin su ta taga, ba abin da nake iyawa sai kuka.

Ranar da na cika arba'in ban ko jira an gama rabon waina ba, na goya Baffa Ƙarami na tafi. Na roƙi mai gadi ya bar ni na shiga da rana tsaka, ba lokacin dubiya ba. Baffa, da ba don hularsa ba da na wuce gadon. Wuyansa ya zama kamar sillen kara. A gadon da ke gefensa akwai wani tsohon soja, Kofur Mahama, da ya karye a ƙugu, mutum mai fara'a da surutu, kuma shi kaɗai na gani da kumatu a duk ɗakin, a shekarar da kowa ƙashin wuyansa ke waje. Ina zaune aka kawo abincin rana. Mai rabo na juya baya, Baba ya miƙa wa Kofur kwanonsa, Kofur ya yi bisimilla ya share shi tas, ya maido kwanon kan akwatin Baba. Da na tambayi dalili sai Baba ya kau da kai ya hau yi wa jikansa wasa. Mma ce da ta iso da yamma ta ba ni amsa, tana kwance ɗaurin filas, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Ta ce ai azumi yake yi, likita ne ya sa shi.

Sai da na bi abin daki-daki na gane. Babbar nas ɗin ɗakin, wadda suke kira Sista, 'yar ƙabilar Ga ce, ba ta jin Hausa. Baba kuwa ka san shi, ya tsufa a Ankara amma Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, Gancinsa kuma na cinikin kifi ne. Duk yammacin da za a ɗebi jini washegari, Sista kan zo ta nuna bakinta ta kaɗa yatsa ta ce da Turanci gobe akwai fastin. Abin da take nufi, kada ya sa komai a baki da safe sai an ɗebi jinin, daga nan a yi allura ya karya kumallo. Kofur kuwa da ya naɗa kansa tafintan ɗaki, da Hausarsa ta bariki wadda mace da namiji duk ɗaya ne, sai ya juyo ya ce, "Malam, Sista ya ce gobe ka yi azumi." Kuma bai yi ƙarya ba, ni ma da na yi makaranta har aji na ƙarshe a midil, haka aka koya mana kalmar. To ka gaya wa Mai Gwangwani ya yi azumi, ai ka sosa masa inda ke yi masa ƙaiƙayi. Kafin alfijir ya tashi ya yi sahur da koko da burodi da dabinon da Mma ta bar masa, jim kaɗan a zo a ɗebi jini, yaya sukari ba zai hau ba? A danna masa allurar mai cin abinci sau uku, shi kuwa ya wuni ba ko ruwa. Nas-nas suna ganin kwano a share, suna cewa Malam na ci da kyau.

Mma ta ce ita sukari kam ta cire daga kokon, ba ta saɓa wa likita, amma dabino ai sunna ne. Har yabon likitan take yi a wajen mata, wai ga yaro ba Musulmi ba amma ya san azumi magani ne. Baba kuma ya ɓoye wa masu dubiya don kada lada ya zube. Rashin sani ya fi dare duhu, Baffa. Na samu Sista na haɗa mata da Turanci da Tiwi, yaren da kusan kowa ke ji a nan, na bayyana mata. Matar nan ta dafe kai ta zauna a bakin gadon wani. Likita ya zo yana faɗa, bai ma san da wa yake faɗan ba, daga baya ya dawo ya ba mu haƙuri. Wanda ya fi ba ni tausayi Kofur ne. Ya ja bargo ya rufe fuska yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Ashe ƙafan Malam ni ke ci." Baba ne ma ya riƙa lallashinsa, yana ce masa rabonsa ya ci. Tun ranar Kofur ko ruwa ba ya karɓa daga hannunmu.

Na koma gida ranar da sanyin zuciya, ina cewa tunda an gano bakin zaren ai an gama. Ashe ana kukan targaɗe ne ga karaya tafe. Washegari na dawo da safe na zauna na jira aka ɗebi jini, na miƙa wa Baba kwanon kumallo, na ce likita ya ce ya ci, kuskuren fassara ne aka yi. Ya saurare ni har na gama, ya sa mini albarka, sannan ya ce azumin likita kam ya ƙare, amma akwai wani. Wai ranar da ya fara suma ya farfaɗo, ya ga kamar an kai shi bakin kabari ne aka maido shi, sai ya yi bakance a gaban Mma. Ya ce tunda Allah ya bar shi da ransa, ba zai ajiye azumi ba sai ranar da ya taka ƙafafunsa biyu ya fita ta ƙofar asibitin nan. Na ce ai suman ma azumin ne ya jawo shi. Ya ce ko ma mene ne ya jawo, bakinsa ya riga ya furta, kuma ba Kofur ya yi wa alkawarin ba.

Ba irin roƙon da ban yi ba. Na yi da lallami, na yi da kuka, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, Allah ya yafe mini. Na ɗora masa jikansa a cinya na ce ya dubi wannan. Ya dube shi, ya tofa masa addu'a, ya miƙo mini shi. Muka ɗauko limamin masallacinmu, ya zo da littafi ya karanta masa cewa ko azumin farilla an ɗauke wa maras lafiya, kuma bakancen da zai halaka mai shi ana warware shi a yi kaffara. Dattawan unguwa suka ce ciyarwar a wuyansu take, duk da halin da ake ciki. Baba ya gode wa liman, ya yaba karatunsa, bayan ya fita ya ce mana wannan yaron ai shi Baba ne ya riƙe ragon sunansa aka yanka. Wata rana aka sa masa ƙarin ruwa da hantsi, ya tambaya ko akwai abinci a ciki, da aka ce akwai sukari sai ya zare allurar da kansa. Mma ta ce taurin kan nan gadon gidanku ne, in gaya maka haka, kuma ba ta janye ba.

Likita ya yi iya yinsa, ba zan ci amanarsa ba. Da ya ga ba zai iya da tsohon ba sai ya bi shi, ya rage allurar safe ya mayar da babbar lokacin shan ruwa. Suman ya ragu, amma sukarin bai zauna ba, da dare ya haura, da rana ya zube. Ya ce mini irin maganin da yake da shi, da ƙarancinsa, ba zai iya bin sukarin da ke tsalle haka ba, yana bukatar mutum ya ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kuma nama ba ya tsirowa a jikin da ke wuni da yunwa. Yana faɗa ina fassarawa, Baba na gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin wani. Ban taɓa jin rashin amfanin kaina irin na kwanakin nan ba. Na san ciwon, na san maganin, ga maganin a kwano a hannuna, tsakanin kwanon da bakinsa bai kai kamu ɗaya ba, amma na kasa.

Rana ɗaya ce kawai na ga alamar ƙofa. Na gaji na ce masa, wai duk duniya ba wanda ya isa ya ce ka sha ruwa ka sha? Ya ce akwai, amma yana nesa. Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na lokacin da kuka taso daga gida kuna samari a bayan motar shanu za ku zo Kurmi neman arziki, cikin watan azumi. Ya ce a wani daji kafin Salaga mota ta lalace, rana ta buɗe, shi kuwa shekarar ce ya fara cika azumi, ya ƙi karyawa har idonsa ya juye. Ya ce kai ka danne shi da gwiwa, ka matse masa hanci, ka ɗura masa ruwan gora kana cewa, "Sha, alhakin a wuyana." Ya ce tun rasuwar mahaifinku kai ne uwa kai ne uba, kai ka fara sa shi azumi, kai kaɗai ka taɓa sa shi ya karya. Yana faɗa yana dariya, har da nuna mini inda gwiwarka ta danne shi a ƙirji. Na ce to zan rubuta wa Baffa. Ya ce Sakkwato ba Alajo ba ce, unguwar nan da ke kusa da mu.

Gaskiyarsa, Sakkwato ba Alajo ba ce, ƙafar kuma ba ta jira ba. Shekaranjiya da aka kwance bandeji, yatsun sun yi baƙi, baƙin ya haye har idon sawu, warin kuwa sai da aka jawo labule. Jiya likita ya zo da wani babbansa, suka duba suka yi magana ƙasa-ƙasa, sannan suka kira ni gefe. Sun ce ranar Alhamis za a yanke daga ƙasan gwiwa, in an ƙara jinkiri dafin zai shiga jini. Na ɗauka nan za a yi daga, amma Baba bai yi gardama ko kaɗan ba, ya ce Wanda ya ba shi aro ne ya aiko a karɓa. Abin da ya roƙa kawai, kada a jefar da ita, a ba Abdulai ya suturta ta ya kai maƙabarta. Ya kuma ce a ba Abdulai gwangwanin, tunda azumi ya ƙarato. Abdulai fa, wanda ko gini ya faɗo masa ba ya farkawa, shi zai tada Nima sahur bana. Mma ta yi dariya har dariyar ta koma kuka.

Kafin in tafi Sista ta kira ni. Ta riƙe hannuna ta ce wannan karon kada kowa ya fassara sai ni, kuma in yi a hankali. Saƙon shi ne, kafin a shiga da shi ɗakin aiki akwai fastin, na gaske, tun daga daren Laraba, ba ci ba sha, ba kuma sahur. Na tsaya a gaban gadon ina laluben kalmar da zan kauce wa waccan. Na ce, Baba, sun ce daga daren Laraba kada ka ci komai, kada ka sha komai, har a gama aikin. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "To Rabi, in ba azumi ba, mene ne sunansa da Hausa?" Kofur ya juya fuskarsa bango.

A cikin trotro, motar hayarmu ta nan, ina komawa gida, jariri na barci a bayana, wani abu ya faɗo mini a rai. Ina isa na tsare Mma na ce ta maimaita mini lafazin bakancen yadda ya fito daga bakinsa. Ta ce ƙafafuna biyu ya ce, da kunnenta ta ji. Yau da safe na koma na tambaye shi a hankali, na ce to in an yi aiki an sallame ka, mun fito da kai a keke ko da sanda, azumin ya ƙare ke nan? Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ke ma kin ji abin da na faɗa." Ashe ya riga ni lissafin. Daga Alhamis ba shi da ƙafa biyu da zai taka, ranar da ya sa wa azumin nan ba za ta taɓa zuwa ba. Likita kuma ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye, in bayan aiki bai ci yadda ake so ba, dungun ma ba zai warke ba, daga nan kuwa ba sauran abin yankewa. Da ƙafa muke yi wa kuka, yanzu ransa ne.

Shi ya sa na rubuto, Baffa. Alhaji Sulemana zai taso da motar goro gobe, shi zai kawo maka takardar nan hannu da hannu in Allah ya sa iyaka ta bar shi ya wuce. Na san kafin ka karanta ta an riga an binne ƙafar, wannan ya wuce. Ba fatawa nake roƙo ba, ya ji fatawa har ta ishe shi. Ba kuma cewa nake ka zo ba, na san gwiwarka, na san hanya. An ce zumunci a ƙafa yake, to ga shi ku biyun ƙafar ta gaza, sai a nemi wata hanya. Ka sa a nemo kaset, ka yi masa magana da bakinka, ka kira shi da sunan da kake kiransa, ka faɗa masa kalmomin nan huɗu da ka faɗa masa a dajin Salaga. Rediyon Abdulai na aiki, na ɓoye batura na hana kowa taɓawa. In kaset bai samu ba, ka rubuta da ajami da hannunka, ya san rubutunka. Na san ba ƙaramin abu nake ɗora wa dattijo ba, in ce ya ɗauki alhakin alkawarin da wani ya yi wa Ubangiji. Ka tambayi malaman Sakkwato in zuciyarka na so, amma don Allah kada tambayar ta ci kwanaki. Alhaji ya ce da ya sayar da goro zai juyo, na roƙe shi kada ya tsaya jiran bashi. Ni dai zan ci gaba da kai kwano kowace safiya ina dawowa da shi.

Ka gaishe mini da Inna Ƙaltume da kyau, ka ce mata Mma na roƙon ta sa mu a addu'a. Ina gaida Yaya Abass da iyalinsa, da Indo da na ji an ce ta haifi tagwaye, Allah ya raya. Gwaggo Amama ta Kanda tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana ajiye da tabarmar da ka manta a gidanta. Maigidana Jamiu yana gaisuwa, Abdulai ma haka, ya ce a roƙa masa Allah ya rage masa nauyin barci. Mai sunanka ya dangwala yatsa a gefen takardar nan, shi ne ɗan dattin da za ka gani.

Da na gaya wa Baba cewa takarda za ta tafi gobe, bai hana ni ba, bai kuma ce in roƙa masa komai ba. Ya ce in gaishe da Yaya. Har na kai ƙofa ya sake kirana, ya ce akwai saƙo ɗaya, maganar takalmin Sallah. Ya ce kada ka gaya wa badukun komai, ka bar shi ya ɗinka biyu kamar kullum.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa amsarka ta riske shi. Wassalam.

Ni ce 'yarka mai zuba ido a hanya,
Rabi'atu.